Azola da Takin Shinkafa: Shawara ga Mutanen Fadamar Haɗejiya

Daga cikin halittun da Allah Maɗaukakin Sarki ya shimfiɗa a bayan ƙasa akwai wani dangi na tsire-tsire wanda ba ya fure, ba ya 'ya'ya, ba shi kuma da ƙwayar iri irin wadda manomi ya saba jefawa a rami ya rufe da diddige, sai dai wata ƙura mai laushi da ke taruwa a bayan ganyensa, iska ta kwashe ta ta watsa, in ta dace da wuri mai laima ta tsira, in ba ta dace ba ta lalace. Larabawa suna kiran wannan dangi sarkhas, kuma da wannan suna za mu ambace shi a nan. Masana sun ƙidaya masa iri fiye da dubu goma, galibinsu mazauna inuwa ne da gindin duwatsu da bakin rafi. A Nijeriya ana ganinsa a kurmin kudu, manne da jikin kwakwar manja, da kuma kwazazzaban tsaunukan Jos da Mambila. Kakanninmu kuwa ba su san shi sosai ba sai a jakar masu magani, domin saiwar nan da ake kira agugu, wadda ake sha don kashe tsila, ta wani irinsa ce, kuma Likita Dalziel, wanda ya tattara sunayen itatuwan ƙasar Hausa a littafinsa na 1916, ya nuna cewa galibi daga wajen Adamawa ake kawo ta.

A ƙarni na goma sha tara son wannan tsiro ya kama mutanen Ingila kamar zazzaɓi, har suka riƙa gina masa akwatunan gilashi a cikin ɗakunansu, suna aika mutane ƙasashe masu nisa don a samo musu irin da maƙwabci ba shi da shi. Wannan sha'awa, bayan ta zaga duniya, yau ga ta a birananmu. Masu sayar da furanni a bakin titi suna kawo shi daga kudu a cikin baƙar leda, masu hali suna saye suna jerawa a farfajiyar gida ko ƙofar ofis, inda rana ke dukan siminti tun daga hantsi har la'asar, kuma ba a jimawa sai gefen ganyen ya ƙone, ya yi launin ƙasa, ya kakkarye, a ɗora wa yaron da ke ban ruwa laifin da ba nasa ba. Masu lambu na ƙasashen da suka daɗe da wannan sana'a sun yi ta tattauna mas'alar, kuma abin da suka tsaya a kai bai wuce ƙa'ida ɗaya ba: akwai irin sarkhas da ke jure rana, musamman ta safe, amma da sharaɗin kada saiwarsa ta rabu da danshi ko da yini guda. Dalili kuwa a fili yake, domin ganyensa siriri ne, ruwa yana fita daga cikinsa da sauri, kuma ko haihuwarsa ba ta kammala sai an sami ɗan ruwan da ƙwayar namiji za ta yi iyo a cikinsa ta riski ta mace. To, a ƙasa irin tamu, inda ruwan shekara bai fi kamar milimita 600 ba, yana sauka cikin wata huɗu ya ɗauke, wanda ya nace sai ya raya tsiron kurmi a tsakar rana bai aikata haramun ba, amma ya kusanci israfi, kuma da ya dasa zogale ko lalle a wurin da ya fi samun lada a wajen iyalinsa.

Sai dai ƙa'idar nan ta masu lambu, in mutum ya juya ta, tana buɗe wata ƙofa wadda ta fi ta ado fa'ida nesa ba kusa ba. Idan sharaɗin zaman sarkhas a rana shi ne kada ya rabu da ruwa, to, a duk arewacin ƙasar nan wuraren da suka fi cika wannan sharaɗi kaɗan ne kamar fadamar kogin Haɗejiya, daga Miga da Auyo, ta Kafin Hausa, har zuwa Guri da Kiri Kasamma da Nguru, inda dubban fangulan shinkafa ke kwance da ruwa a fili, babu itacen da ke yi musu inuwa. Kuma cikin ikon Allah akwai wani ɗan ƙaramin sarkhas wanda ba ya zama ko'ina sai a irin wannan wuri, yana yawo a kan ruwa, saiwarsa tana reto a ƙasa ba ta kama komai ba. Sunansa azola. Ra'ayina, wanda saboda shi na ɗauki alƙalami, shi ne wannan ne sarkhas ɗin da ya cancanci mu ɓata lokaci a kansa, kuma ya kamata a jarraba shi a ƙasar Haɗejiya jarrabawa ta tsanaki, ba da gaggawa ba, ba kuma da ganga da maroƙa ba.

Wanda bai san shi ba, in ya hango shi daga nesa a kan kududdufi, zai ɗauka gansakuka ce, ko kuwa 'ya'yan kainuwa ne da ba su girma ba. Amma in ya sa hannu ya ɗebo ya duba a tafinsa, zai ga kowane ɗaya bai fi faɗin farcen babban yatsa ba, yana da rassa ƙanana da suka bazu, ganyayyaki kuma 'yan mitsi-mitsi sun hau kan juna kamar ɓawon kifi, samansu yana da laushi irin na karammiski, ruwa ba ya jiƙa shi, in an danna shi ƙasa sai ya taso a bushe. A ƙarƙashi akwai 'yan saiwoyi sirara kamar zare. Idan yana cikin jin daɗi kore ne shar. In rana ta yi masa yawa, ko sanyi, ko abinci ya gaza, sai ya juya ja-ja, kuma da wannan launi mai kula da shi yake gane halin da yake ciki. Ba ya jiran ƙurar iri kafin ya yaɗu, reshe ne kawai ke ɓallewa ya zama sabon tsiro, kuma in yanayi ya yi masa daidai yakan ninka kansa cikin kwana uku zuwa biyar, har ɗan abin da aka watsa a kusurwar fangali ya rufe fuskar ruwan baki ɗaya cikin mako biyu ko uku.

Amma ba saurin yaɗuwa ne darajarsa ba, domin kainuwa ma tana da wannan, kuma ba wanda ya taɓa gode mata. Sirrin yana cikin ganyen. A cikin kowane ɗan ganye akwai wani rami ƙanƙane da ido ba ya gani, a cikinsa kuma wata ƙwayar halitta ke zaune, wadda Allah ya hore wa ikon kamo sinadarin naitirojin daga iska ta mayar da shi abincin tsiro. Wannan sinadari shi ne abin da manomi ke biya in ya sayi buhun yuriya, shi ne ke sa ganyen shinkafa ya yi duhu ya yi ƙarfi, kuma abin mamaki, kusan kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa shi ne, sai dai shuka ba ta iya cin sa a haka sai an sarrafa mata. Azola yana ba ƙwayar masauki da abinci, ita kuma tana ba shi taki, kuma suna tafiya tare daga uwa zuwa 'ya ba tare da sun rabu ba. Manomin ƙasar Hausa ba baƙo ba ne ga wannan hikima ko da bai san sunanta ba, domin ya daɗe da lura cewa geron gindin gawo ya fi na fili kyau, kuma gonar da aka yi wake ko gyaɗa a cikinta bara takan karɓi dawa bana da fara'a. Aiki ɗaya ne, sai dai gawo yana yinsa a tudu cikin shekaru, azola kuwa yana yinsa a kan ruwa cikin makonni.

Mutanen Sin da na Biyetnam sun riga kowa amfani da shi. An ambace shi a wani littafin noma na ƙasar Sin da aka rubuta wajen shekara ta 540 Miladiyya, wato kafin Hijira da shekaru tamanin da 'yan kai, kuma a yankin Tai Bin na arewacin Biyetnam an yi ƙauyukan da suka gaji sana'ar adana irinsa a lokacin zafi su sayar wa manoma in sanyi ya shigo, suna ɓoye dabarar a tsakanin 'yan gidaje. Yadda suke yi ba wuya a fahimta. Ana watsa shi a fangali kafin dashe ko bayansa, a bar shi ya rufe ruwan, sannan a rage ruwa, a bi shi da ƙafa ko da garma a tura shi cikin taɓo, inda yake ruɓewa cikin 'yan makonni ya saki takinsa daidai lokacin da shinkafa ke buƙata. Bayan da farashin man fetur ya tashi a 1973, takin zamani ya yi tsada a duniya, sai masu bincike suka waiwayi wannan tsohuwar dabara. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke ƙasar Filifin ta shirya gwaje-gwaje a ƙasashe da dama, cibiyar shinkafa ta Afirka ta Yamma ita ma ta gwada shi a kwarin kogin Senegal, kuma abin da aka samu, in an taƙaita, shi ne shimfiɗa ɗaya ta azola da aka binne a hekta guda tana yin aikin kimanin kilo 30 na naitirojin. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23. Ashe ke nan shimfiɗa ɗaya tana tsaya wa buhu ɗaya da kusan sulusi.

Kada mai karatu ya raina wannan lissafi, kada kuma ya kambama shi. Shinkafar ban ruwa, in ana son ta yi yabanya ta gaske, tana cin ninki uku ko huɗu na wannan adadi, saboda haka duk wanda ya ce azola zai raba manomi da takin zamani ya faɗi abin da ba haka yake ba. Amma wanda ya san halin da ake ciki a Auyo da Kafin Hausa ya san darajar buhu guda. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin ban ruwa ya haura, kuɗin sufuri ya haura, taki ya bi su, alhali kuwa a cikin ƙasar nan ake yin yuriya, a Eleme da Lekki. Ƙaramin manomi, wanda gonarsa ba ta kai hekta ba, sau da yawa ba buhu yake saye ba, kwano-kwano yake auna, ko ya karɓa bashi a hannun ɗan kasuwa bisa sharaɗin zai biya da shanshera ranar girbi a farashin da ba shi ya yanka ba. Gwamnati ta kashe dukiya mai yawa wajen gyara aikin noman rani na kwarin Haɗejiya, wanda aka ƙaddamar a Auyo a farkon 2023 da faɗin da ya kusa hekta dubu shida, kuma ruwa ya samu, alhamdu lillahi. Amma ruwa ba ya ciyar da shinkafa shi kaɗai, kuma ƙasar da ake nomawa sau biyu a shekara ba tare da an mayar mata da wani abu mai ruɓewa ba, sannu a hankali takan gaji, ta daskare, ta riƙa neman ƙarin taki don ta ba da abin da take bayarwa da. A nan azola yana da wata fa'ida da buhu ba shi da ita, domin jikinsa da ke ruɓewa yana sassauta ƙasa. Bugu da ƙari, shimfiɗarsa tana tare hasken rana daga ciyawar da ke son tsirowa a ƙarƙashin ruwa, tana kuma rage yuriyar da ke tashi ta bi iska in an watsa ta a ruwa mai zafi.

Yanzu sai mu zo ga hujjojin masu musu, waɗanda ba ƙanana ba ne, kuma rashin adalci ne a ɓoye su. Ta farko ita ce zafi. Azola ya fi jin daɗi tsakanin digiri 20 da 30. In ruwan ya haura 35 sai ya fara ja da baya, ya yi ja, ya narke, tsutsa da ruɓa su gama da shi. Mu kuwa bazararmu, daga Maris zuwa Mayu, takan wuce digiri 40 a inuwa, kuma a daidai wannan lokaci ne shinkafar rani ke tsaye a gona. Ta biyu ita ce ruwa, kuma a ganina ita ce mafi nauyi. Manoman da ke wajen kanal, waɗanda ke jan ruwa da inji daga kogi ko daga 'yar rijiyar da aka haƙa a fadama, ba sa barin ruwa ya kwanta a fangali kullum. Suna cikawa ne, ya tsotse, ƙasa ta fara tsagewa, sannan su sake tayar da inji, domin kowace awa ta inji kuɗi ce. Azola kuwa in ya kwana biyu a busasshiyar ƙasa cikin rana ya mutu. Wanda zai ƙona mai na buhu biyu don ya tsirar da taki na buhu ɗaya bai yi ciniki ba. Ta uku, tsiron da ke samo naitirojin da kansa ba ya iya samo fosfaras, dole a ba shi ɗan takin sufa ko kashin shanu. Ta huɗu kuma, su kansu mutanen Sin da Biyetnam sun yi watsi da yawancin wannan aiki tun daga shekarun 1980, lokacin da takin masana'anta ya wadata kuma ƙwadago ya yi tsada.

Duk waɗannan gaskiya ne, amma abin da suke nunawa shi ne inda ya kamata a sa shi da inda bai kamata ba. Mutanen Sin sun bar shi ne domin taki ya yi musu araha, hannu ya yi musu tsada. Mu kuwa al'amarinmu a juye yake. Maganar zafi kuma magana ce ta kalanda. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, ruwan fadama yana da sanyi daidai yadda azola ke so, kuma a wannan lokaci ne ake gyaran fangali da renon irin shinkafar rani, don haka ana iya raya shi a binne kafin dashe, ya gama aikinsa tun zafi bai sauko ba. Da damina kuma, daga Yuli zuwa Satumba, gajimare yana rage kaifin rana, ruwa yana kwanciya a ƙasar laka ba da kuɗin kowa ba, ita kanta shinkafar in ta tashi tana yi masa 'yar inuwar da yake bukata. Abin da ya rage shi ne yadda za a tsallakar da iri daga bazara zuwa damina, kuma wannan ba ya bukatar fiye da 'yar tafki ƙarama a gindin mangwaro ko ƙarƙashin rumfar zana. Gonar jigawa mai yashi, wadda ruwa ke zurarewa a cikinta, ba wurinsa ba ce, kuma kada a ɓata wa mai ita lokaci.

Wataƙila ma ba a gonar shinkafa zai fara shiga hannun mutane ba, a bayan ɗaki zai fara. A kudancin Indiya masu 'yan shanun tatsa sun daɗe suna raya shi don abincin dabbobi, kuma tsarin nasu ba ya fin ƙarfin matar aure a ƙauye irin Bulangu ko Sarawa. Ana haƙa rami mai faɗin taku biyu da tsawon taku biyu, zurfinsa bai wuce taƙi guda ba, a wurin da rana ke samu da safe inuwa ta rufe da azahar. A shimfiɗa tamfol ko leda mai kauri, a zuba ƙasa mai kyau da aka tankaɗe, a dama kashin shanu da ɗan sufa a zuba, a cika ruwa kamar tsawon yatsa, a watsa iri cikin tafi biyu. Bayan mako biyu ruwan ya rufe, daga nan kuma kowace safiya ana iya ɗiban kamar rabin kilo da matankaɗi, a ɗauraye shi don warin kashin ya fita, a cuɗa da dusa a ba kaji da agwagi da tumaki. In an shanya shi, kusan rubu'in nauyinsa sinadarin gina jiki ne. Sai dai a sani cewa ɗanyensa galibi ruwa ne, fiye da kashi casa'in cikin ɗari, saboda haka ƙari ne a kan dusa da harawa, ba madadinsu ba. Na ga masu talla a Facebook suna sayar da 'yan ƙullin iri suna alkawarin cewa mai kaji ya rabu da sayen abinci har abada. Irin wannan zance shi ke kashe abu mai kyau tun yana jariri, domin wanda aka yaudara sau ɗaya ba ya sake sauraron malamin gona.

Akwai kuma tambayar da na san dattawa za su yi, wato ko ruwan da wannan abu ya rufe ya halatta a yi alwala da shi. Wanda ya karanta fiƙihu ya san cewa a mazhabarmu ruwan da ya canja saboda abin da ya tsira daga cikinsa, irin su gansakuka, bai fita daga tsarki ba. Amma ramin da aka dama wa kashin dabbobi da gangan hukuncinsa daban ne, a tambayi malamai, kuma ko ba don alwala ba, kada a bar yara su sha ko su yi wasa a ciki.

Hujjar da ta fi dukansu tsoratar da ni ban ambace ta ba tukuna, kuma mutanen wannan kwari ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kanta, domin sun ga ciyawar ruwan nan kachalla. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, kogin da a da yake cika da damina ya janye da rani ya koma mai gudana duk shekara, sai kachalla ta sami abin da take so, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama masaukin jan-baki, ta karkatar da ruwa zuwa inda ba a bukatarsa ta hana shi inda ake jira, har yau kuma ana kashe kuɗi ana yanka tana tsirowa. Wanda ya sha wannan wahala yana da haƙƙin ya yi tsaye in aka ce za a kawo masa wani tsiron ruwa mai ninka kansa cikin kwana biyar. Kuma tsoron nasa yana da shaidu daga dangin sarkhas ɗin kansa. A 1999 wani ɗan'uwan azola mai suna salbiniya, ɗan asalin Kudancin Amurka, wanda aka kawo don a gwada shi a matsayin abincin kaji, ya kuɓuce ya shiga kogin Senegal, ya rufe ruwa, ya hana su da ban ruwa, ya yi barazana ga mafakar tsuntsaye ta Juj, sai da aka kawo wani ɗan ƙwaro mai cin sa kafin a shawo kansa. A Afirka ta Kudu kuma wani irin azola na Amurka, da aka shigo da shi a 1948 don ƙawata tafkunan gida, ya mamaye madatsun manoma, dabbobi suna ɗauka ciyawa ce su faɗa su nutse, har sai da aka saki ƙwaron da ke cin sa a 1997. Mu ma muna da abin da za mu yi hasara, domin dausayin Baturiya da tafkin Nguru wurare ne da duniya ta san su saboda tsuntsayen da ke ƙetaro Sahara su sauka a cikinsu, kuma dubban masunta da makiyaya a kansu suka dogara.

Malaman fiƙihu sun kafa ƙa'ida cewa kawar da ɓarna ana gabatar da shi a kan jawo amfani, kuma a wannan mas'ala ƙa'idar tana da fassara mai sauƙi: kada a shigo da baƙon iri. Akwai azola ɗan asalin Afirka, wanda ke tsirowa da kansa a tafkuna da fadamun Afirka ta Yamma, har da Nijeriya, wanda ya saba da zafinmu fiye da na waje, kuma ƙwarin da ke cin sa suna nan tare da shi tun fil azal suna taka masa birki. Shi za a nema a cikin ruwayenmu, masani ya tabbatar da shi, a raya shi. Matsalar ita ce ido ba ya rarrabe iri da iri cikin sauƙi, kuma ƙullin da aka saya ta waya aka aiko a mota daga wani gari ba wanda ya san asalinsa. Ga kuma ambaliya, wadda ta shafe gonaki a Auyo da Kafin Hausa da Haɗejiya a 2020 da 2022. Duk abin da ke cikin fangali a irin wannan shekara to yana cikin kogi, kuma abin da ya shiga kogi a nan sai ya kai Gashuwa. Don haka ne nake ganin wannan ba aikin ɗaiɗaikun mutane ba ne a matakin farko, aikin hukuma ne da masana.

Kuma masanan ba nesa suke ba. Jami'ar Sule Lamido tana nan cikin Kafin Hausa tun 2013, da malamai da ɗaliban nazarin halittu waɗanda kowace shekara suke neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kansa. Kwalejin Binyaminu Usman tana Haɗejiya, kuma asalinta makarantar aikin gona ce. Hukumar raya kogunan Haɗejiya da Jama'are ita ke riƙe da kanal, hukumar JARDA kuma ita ke da malaman gona a ƙauyuka. Abin da ake bukata bai kai kuɗin mota guda ta ofis ba: a zaga tafkuna bayan damina a tattara irin gida, a tantance shi, a ware 'yan fangula a ƙasar laka, wasu da azola da rabin taki, wasu da cikakken taki, wasu ba komai, a maimaita da rani da damina har shekara biyu ko uku, a auna shanshera da buhu, a rubuta kuɗin mai da na ƙwadago ba tare da an rage ko sisi ba, a kuma sa ido a kan sauro da dodon koɗi, tun da yake tsargiya tsohuwar abokiyar noman rani ce, kuma bai dace a magance talauci a jawo cuta ba. A sa manoma a cikin aikin tun daga ranar farko, domin su ne za su faɗi gaskiyar ko wahalar ta kai ladanta.

Ina roƙon shugabannin jami'ar da na hukumomin nan biyu da su zauna su ɗauki wannan aiki kafin hunturu mai zuwa, kuma in sakamako ya fito, ko mai daɗi ne ko marar daɗi, a karanta shi da Hausa a gidan rediyon Jigawa, a kuma kai shi fadar hakimai da dagatai. Manoma kuma, kafin wannan lokaci, kada kowa ya sayi irin da bai san asalinsa ba ya zuba a ruwan da ke haɗe da kogi.